Yadda Muka Raba Gidanmu da Danshi a Hunturun Manchester

A gidajenmu na Arewa, duk aikin da ya shafi ruwa a waje ake yinsa. Girki a tsakar gida ko a madafa mai buɗaɗɗiyar ƙofa, wanki a bakin rijiya ko famfo, shanya a kan igiya, banɗaki can a lungu, wani ma ko rufi ba shi da shi. Tururin tukunya ya tashi ya bi iska, ba mai tambayar inda ya nufa. Da hunturu kuwa, a Zariya inda na tashi, bushewa ce abokiyar faɗanmu: leɓe ya tsage, kaushi ya fito, zanen da aka shanya da hantsi kafin azahar ya bushe ƙayau. Wanda ya taso a can ya zo Ingila ba shi da dalilin da zai sa ya yi tunanin iskar ɗakinsa za ta ɗauki ruwa har ta ɓata bango, ta ɓata sutura, ta taɓa ƙirjin 'ya'yansa.

Gidan da muke haya irin tsofaffin gidajen nan ne na jan bulo da suke jere manne da juna, waɗanda aka gina wa ma'aikatan masaƙu tun ƙarshen ƙarni na 19. Bangonsu a cure yake, babu sarari a tsakiya kamar na gidajen da aka yi daga baya, don haka sanyin waje yana ratsowa har fuskar da ke cikin ɗaki. A zamanin da aka gina su kowane ɗaki yana da murhun kwal da bututun hayaƙi, tagoginsu na katako ne masu kafofi, iska tana shiga tana fita ko mutum bai so ba. Daga baya aka toshe murahun, aka sa tagogin roba masu gilashi ninki biyu, aka liƙe duk wata kafa don kada ɗumi ya tsere. Ɗumin ya tsaya, amma ruwan da ke cikin iska shi ma ya rasa hanyar fita.

Mun shiga gidan da bazara, fenti sabo, ba alamar komai. Sai da Nuwamba ta kama sannan abu ya fara bayyana. Da asuba in na ɗaga labulen ɗakinmu, gilashin ya jiƙe sharkaf daga sama har ƙasa, ruwa ya taru a dakalin taga har yana gangarowa bango. Tawul ba ya bushewa daga wanka zuwa wanka. Bargo in ka shiga sai ka ji shi da wani irin sanyi mai nauyi. Sai kuma wari, irin na kayan da aka naɗe ba su gama bushewa ba. Kullum da yamma ina kunna turaren wuta, ƙamshin ya yi awa ɗaya ko biyu, warin ya dawo.

Ranar da na janye sif ɗin kayanmu don in share bayansa, a nan na ga abin da ya tayar mini da hankali. Kusurwar bangon, tun daga ƙasa har kusan ƙuguna, ta yi baƙi da funfuna, ɗigo-ɗigo a sama, a ƙasa kuma ta haɗe ta zama shimfiɗa guda. Katakon bayan sif ɗin ya yi furfura. Takalman fata na Abban yara da jakata ta biki duk sun yi kore-kore, lesukan da na jera a can ƙasa sun ɗauki tabo. A wannan ɗakin autanmu yake kwana tare da mu, kuma a makonnin nan tari ya hana shi barci.

Akwai wata Hajiya 'yar Sakkwato da ta daɗe a garin nan, ita ce uwarmu duka mu baƙin zuwa. Na kira ta, ta zo. Tana shigowa falo, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Ke 'yar nan, gidan nan a toshe yake. Turare ba ya korar danshi, lulluɓe shi yake yi." Ta wuce wajen taga, ta miƙa hannu saman firam ɗin, ta tura wani siririn marfi da ban taɓa lura da shi ba. Ashe kafar iska ce aka yi wa tagar da gangan, don iska ta riƙa sulalowa kaɗan-kaɗan dare da rana ko taga tana kulle. Duk na gidan a rufe muka same su, na ɗakin yara ma wani da ya zauna kafin mu ya bi shi da salatif. Ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ta ce kada in sake bari a rufe su ko ƙanƙara ake zubawa. Sannan ta ce in sayi ma'aunin danshi, kada in yi ta aiki da ka.

Ɗan ƙaramin abu ne kamar agogon tebur, mai batir, kuɗinsa bai kai fam goma ba. Yana nuna lamba biyu: zafin ɗaki, da yawan danshin da ke cikin iska a lissafin kashi cikin ɗari. Abin da masana gini da na lafiya suke so shi ne ɗaki ya zauna tsakanin kashi 40 da 60. In ya daɗe sama da 70, funfuna ta samu wurin zama. Namu, da asuba a ɗakin kwana, yana wuce 80. A kicin in ina tafasa nama ko ina tuƙa tuwo, ya kan doshi 90.

Na biya wa abin sosai kafin ya zauna mini, domin da farko hankalina bai ɗauka ba. A Manchester ake, garin da ruwan sama ba ya gajiya. Wayata tana nuna danshin waje kashi 90. Ta yaya zan buɗe taga in shigo da iska mai kashi 90 don in busar da ɗaki mai kashi 75? Amsar tana cikin sanyin. Iska mai ɗumi tana iya riƙe ruwa da yawa, mai sanyi kaɗan take iya riƙewa. In aka ɗauki iska mai cika akwatin da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk mita ɗaya ne, a digiri 20 tana iya ɗaukar giram 17 na ruwa da ɗan ɗoriya kafin ta ƙoshi. A digiri 5 kuwa, ko giram 7 ba ta kaiwa. Lambar da ma'auni yake nunawa ba yawan ruwan ba ce, tana faɗin yadda iskar ta kusa ƙoshi ne. To iskar waje mai digiri 5 da kashi 90, giram 6 kacal ke cikinta. Ta ɗakina mai digiri 20 da kashi 75 tana ɗauke da kusan 13. In na kori ta ciki na shigo da ta waje, ta ɗumama ta kai digiri 20, sai ta koma kusan kashi 35, ta zama busasshiyar iska mai jan ruwa daga bango da katifa da labule. Ko ana yayyafi a waje, matuƙar da sanyi, iskar waje ta fi ta ciki bushewa.

Gumin taga shi ma daga nan yake. Duk wanda ya taɓa ciro kwalbar lemo daga firij a zafin Afrilu ya ga yadda take jiƙewa nan take, alhali ba ta yoyo. Iskar da ta taɓa ta ce ta yi sanyi, ta kasa riƙe ruwanta, ta sauke shi a jikin kwalbar. A ɗaki mai digiri 20 da kashi 70, duk abin da zafinsa ya sauka zuwa wajen digiri 14 zai jiƙe haka: gilashi, kusurwar bangon da ke kallon waje, bayan sif inda ɗumi ba ya kaiwa. In aka sauke danshin zuwa kashi 55, sai wuri ya yi sanyi ƙasa da digiri 11 kafin ya jiƙe. Funfuna ma ba ta jiran sai ruwa ya fito ƙiri-ƙiri, laimar da ta daɗe a fuskar bango ta ishe ta.

Ruwan kuma mu muke kawo shi. Mutum ɗaya yana barci yana fitar da kusan sulusin lita a dare ta numfashi da fata, mu uku a ɗaki mai rufaffiyar ƙofa mun doshi lita guda ke nan kafin asuba. Wanki zubi ɗaya da aka shanya a ɗaki yana sakin kusan lita biyu. Ga wanka, ga girki, ga shi kansa gas ɗin girki, wanda in yana ci tururin ruwa yake fitarwa ko ba a ɗora komai ba.

Abu na farko da na ɗora wa kaina shi ne buɗe tagogi da safe. Bayan sallar asuba, in an tashi yara sun sauko ƙasa, sai in kashe hita, in share ruwan gilashi da abin goge taga in matse a banɗaki, in yaye barguna, in wangale tagar gaba da ta baya, in bar ƙofofin ɗakuna a buɗe iska ta ratsa gidan daga wannan gefe zuwa wancan. Minti biyar zuwa goma, sai in rufe. Jamusawa sun shahara da wannan ɗabi'a, har a takardun hayarsu akan rubuta ta. Ina tsaye ina kallon lambar tana sauka, daga 80 da wani abu zuwa 60 da kaɗan. In an rufe ta kan ɗan hau, saboda kayan ɗaki suna sakin ruwan da suka sha. A makonnin farko hawan yana da sauri, domin katifa da bango sun daɗe suna sha. Sannu a hankali ya rage.

Abban yara bai yarda da farko ba, kuma ban ga laifinsa ba. Hunturun 2022 ne, lokacin da kuɗin gas da lantarki suka yi tashin gwauron zabi a Birtaniya bayan Rasha ta afka wa Yukren. Ya ce, "Haba, ɗumin da muke saye da tsada shi za ki buɗe wa taga ya fice?" Na ce, "Abban yara, tsaya ka ga ma'aunin." Zafin ɗaki ya sauka, amma kafin a gama karin kumallo ya dawo inda yake. Ɗumin gida ba a iska yake zaune ba, yana jikin bango da daɓe da kayan ɗaki, kuma minti goma ba ya isa ya huce su. Abin da ke cin kuɗi shi ne a bar taga a ɗan sage yini guda: iska ba ta sauyawa sosai, bangon da ke kewaye da tagar kuma ya yi ta sanyi har ya zama sabon wurin gumi. Muka kuma daidaita kan cewa ba za a bar wani ɗaki ya yi sanyi ƙarara ba. Hukumomin lafiya a nan digiri 18 suke cewa kada a gaza, kuma ɗumi kaɗan mai ɗorewa ya fi a ƙure hita na awa ɗaya a kashe.

Kicin ne ya fi ba ni aiki, domin girkinmu ba na minti goma ba ne. Wake, ganda, farfesun ƙafar sa, miyar kuka, ruwan tuwo, duk masu daɗewa ne a wuta. Akwai na'ura a saman murhu mai fanka da fitila, kullum ina kunna ta, tana ƙara kamar da gaske. Da na buɗe durowar da ke samanta sai na ga babu bututun da ya fita waje. Na zagaya bayan gida na duba bango, babu kafa. Irin wadda take tace maiƙo da wari ce ta mayar da iskar cikin kicin, tururin yana nan bai je ko'ina ba. Gidajen haya da yawa irinta ce a ciki, kuma yana da kyau kowa ya duba tasa. Tun daga nan in zan ɗora tukunya sai in rufe ƙofar da ta haɗa kicin da sauran gida, in buɗe tagar kicin, in bar ta a buɗe har bayan na sauke da kamar rubu'in awa. Kowace tukunya da murfinta. Wake da nama mai tauri na koma dafa su a tukunyar matsi, wadda ke rage lokaci da tururi da gas gaba ɗaya. Rufe ƙofar nan kaɗai ya sauya lambar da nake gani a ɗakin sama, domin tururi sama yake bi, ya hau bene ya sami ɗaki mafi sanyi ya sauka a can.

Banɗakinmu ba shi da taga, fanka ce kawai a silin. Hajiya ta koya mini gwaji mai sauƙi: a kunna fankar, a kara mata falle ɗaya na tishu. In tana ja da kyau za ta riƙe shi. Tamu ta sake shi ya faɗo. Na kashe wutarta, na cire murfin, na tarar ƙura ta dunƙule a fikafikan kamar auduga. Na wanke na mayar, ta ɗan riƙe tishun da ƙyar, kuma da an kashe fitila take tsayawa. Ƙa'idar gini ta Ingila ta ce fankar banɗaki ta iya fitar da lita 15 na iska a kowace daƙiƙa, kuma in babu taga ta ci gaba da aiki minti 15 bayan an fita. Ta kicin lita 30 in tana saman murhu tana fitarwa waje, lita 60 in a wani gefe take. Ta kuma ce a bar sarari kamar milimita 10 a ƙarƙashin ƙofa, domin fanka ba ta iya fitar da iska in wata ba ta shigowa ta maye gurbinta. Ƙofarmu kuwa tana gogar kafet.

Wannan ba gyaran ɗan haya ba ne. Na ɗauki hotunan bangon da na ma'aunin, na rubuta wa ejan ɗin gidan ta imel, na faɗi ranar da na fara gani da kuma tarin yaron. Amsar farko ita ce mu riƙa buɗe taga kuma mu rage shanya a ɗaki. Na sake rubutawa na lissafa abin da muke yi kullum, na ce fankar ba ta ja, ƙofa ba ta da sarari, kicin ba shi da mafitar tururi.

Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa a lokacin labari ne mai ciwo da ya cika kafafen yaɗa labarai a Nuwambar 2022. Awaab Ishak, yaro ɗan shekara biyu, iyayensa 'yan Sudan ne, ya rasu a Disambar 2020 a Rochdale, nan kusa da mu. Binciken kotu ya tabbatar cewa daɗewar da ya yi yana shaƙar funfuna a gidansu ce ta yi ajalinsa. Mahaifinsa ya kai kuka tun 2017, aka ce ya shafa fenti a kai. Masu kula da gidan sun ɗora laifin a kan yadda iyalin suke rayuwa, har da zaton irin wankan da suke yi ne, ba tare da sun tambaye su ba, alhali gidan ne ba shi da isasshiyar mafitar iska. Allah ya sa mai ceton iyayensa ne. Saboda shi aka yi dokar da ke ɗauke da sunansa a cikin dokar gidajen gwamnati da na ƙungiyoyi ta 2023, wadda ta fara aiki a Oktoban 2025, ta ɗaure masu irin waɗannan gidaje da wa'adin bincike da gyara. Abin yana ƙona mini rai har yau, domin na san yadda baƙo yake saurin yarda cewa shi ne mai laifi: girkinmu ne, alwalarmu ce, yawanmu ne. Girki da wanka da numfashi ba laifi ba ne. Ɗan haya yana da nasa aikin, na buɗe taga da rufe tukunya, amma samar da gidan da tururi zai iya fita daga cikinsa haƙƙi ne a kan mai shi.

A ƙarshe aka turo ma'aikaci. Ya sa sabuwar fanka mai jin danshi, wadda ke tashi da kanta in tururi ya yi yawa ta kuma ci gaba har sai ya sauka. Ya cire ƙofar banɗakin ya ɗan fere ƙasanta. Na kicin sai daga baya aka huda bango aka sa.

Shanya na mayar da ita wuri guda. Ba na ɗora jiƙaƙƙen kaya a kan hita, domin nan take ruwan yake watsuwa cikin gida. Ina ƙara wa injin wanki zagayen matsa, in jera kayan a kan mashanyi a ƙaramin ɗaki, ƙofa a rufe, taga a ɗan buɗe. Ranar da rana ta leƙo ko iska take kaɗawa, ko da sanyi, waje nake kai su. Daga baya mun sayi na'urar tsotse danshi saboda ranakun wankin kayan makaranta, tana kuma taimakawa ƙwarai, amma ba ta maye gurbin taga, tunda ruwa kawai take cirewa, ba ta kawo sabuwar iska. Sif da gado muka janye su daga bangon waje muka mayar jikin bangon da ke tsakaninmu da maƙwabta, wanda ya fi ɗumi, muka bar tazarar tafin hannu a baya. Na rage cunkoson kaya a sif ɗin, nakan kuma bar ƙofofinsa a buɗe lokacin da nake ba ɗaki iska.

Funfunar da ta riga ta fito, na sa safar hannu da takunkumi, na fitar da yara, na buɗe taga, na goge da maganin da ake sayarwa don ita, na jefar da tsumman. Ba a kankare ta a bushe, don kada ƙwayoyinta su tashi a shaƙa, kuma ba a haɗa bilic da wani maganin wanki. Kusurwar bayan sif ba ta sake baƙi ba. Tarin autan ya lafa, ko da yake likita ma ya duba shi ya ba shi magani.

Ƙanwata da ke aure a Fatakwal, da na ba ta labari, ta ce ita ma takalmanta da jakunkunanta funfuna suke yi da damina, ko ta riƙa yin yadda nake yi? Na ce mata lissafin ya bambanta. Iskar wajenta mai ɗumi ce kuma a ƙoshe take da ruwa, a digiri 30 iska tana iya ɗaukar giram 30, don haka buɗe taga ba zai busar mata da ɗaki kamar nawa ba. Abin da zai yi mata amfani shi ne iska mai motsi, fanka da tagogi masu kallon juna, buɗe ɗaki da tsakar rana lokacin da rana ta fito maimakon da asuba ko bayan ruwa, fitar da kaya su sha rana, da na'urar sanyaya ɗaki in akwai wuta, domin ita tana cire ruwa daga iska. A nan ma akwai ranakun bazara masu gumi da nake barin tagogi a rufe sai dare ya yi sanyi.

Wuri ɗaya ne ya ƙi jin duk wannan. A saman bangon ɗakin yara, kusa da silin, akwai tabo ruwan ƙasa mai gefe kamar an zana, ba ɗigon baƙi ba. Danshin ɗakin ya sauka zuwa hamsin da wani abu, tagogi sun daina gumi, amma shi yana nan, kuma na lura yana ƙara faɗi ne bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Wata rana ana tsaka da ruwa na sa lema na fita bayan gida na ɗaga kai. Indararon da ke bin bakin rufi ya cika da ganye da gansakuka, ruwa yana ambaliya ta gefensa yana bin bulo daidai wurin. Wannan ruwan daga waje yake shigowa, ko shekara za a yi ana buɗe taga ba zai tsaya ba. Na ɗauki bidiyonsa na tura wa ejan, aka zo da tsani aka yashe indararon, aka sauya guntun da ya tsage. Bulo mai kauri ba ya saurin bushewa, ma'aikacin ya ce kada a yi fenti sai ya bushe har ciki, don haka muka bar tabon a haka har tsakiyar bazara kafin aka kankare aka shafa sabo.